Majigi da Dandamali: Auren da Ba Mu Ɗaura Ba

Mai karatu, in ka samu wani dattijo a Gumel ko Maigatari, tambaye shi fim na farko da ya gani. Da wuya ya ce maka sinima. Majigi zai ce: mota ta iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, a tada inji, bayan isha'i kowa ya hallara, yara a gaba su na ta rigimar wurin zama. A lokacin ƙasar Gumel ta na cikin lardin Kano, tun ba a yi mafarkin Jihar Jigawa ba, wadda sai a 1991 aka ƙirƙiro ta.

Kalmar kanta aro ce. Daga sunan wata tsohuwar fitilar Turawa mai haska hoto a bango mu ka samo ta, fitilar da su ke kira ta siddabaru. Wani jami'in tsafta a Legas, William Sellers, shi ya fara amfani da fim don wa'azin yaƙi da annoba a ƙarshen shekarun 1920, kuma da Ingila ta kafa sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka a 1939, shi aka ba ragama. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ɗora da nata, irin su Baban Larai.

To amma abin da na ke so ka lura da shi, ba hoton ne kaɗai ke riƙe jama'a ba. Akwai mai sharhi a gefe da lasifika, ya na fassara, ya na ƙara gishiri, ya na tsokanar 'yan kallo su na mayar masa. In ya iya baki, fim ɗin tonon masai ma sai ya yi armashi. In bai iya ba, kowa ya kama gabansa. Ka ga kenan hoto ga shi a ƙyalle, ɗan wasa ga shi a tsaye da ransa, dare ɗaya, fili ɗaya.

Wannan haɗin shi wasu su ka mayar sana'a a Turai. Erwin Piscator ya riƙa haska fim a bayan 'yan wasansa a Balin tun a shekarun 1920. A 1958 kuma, a baje-kolin duniya na Burasals, Alfréd Radok da Josef Svoboda na Cakoslobakiya su ka nuna wasan da mace ke tsaye a dandamali ta na hira da hotonta na fim. Ka san sunan da su ka raɗa wa wasan? Laterna Magika. Sunan fitilar nan dai, wato kakar majiginmu!

Mu kuwa sai mu ka raba hanya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin Shehu Umar wasan dandamali, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, kowa da nasa. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo su ka bi sahu, su ka rungumi kyamara. Ban ga laifinsu ba, kaset ya fi tikiti kawo kuɗi. Laifin da na gani shi ne yadda aka bar dandamali wa 'yan makaranta da ranar bikin gwamnati, alhali kayan aikin sun yi araha.

Kuma aikin ba tsafi ba ne, lissafi ne. In ka ajiye majigi a gaba, hoton zai zuba a jikin ɗan wasa, inuwarsa ta ɓata ƙyallen. Shi ya sa ake haskowa ta baya, ko daga sama. In fitilar dandamali ta yi ƙarfi, hoton ya dushe. Sannan dole mai kula da na'ura ya haddace wasan kamar ɗan wasa, don in hoto ya riga magana da daƙiƙa biyu, dariya za a yi a wurin kuka.

Ka ƙaddara an ɗauki hoton karar raƙuma ta Maigatari ranar Alhamis da hantsi, da dare kuma a haska shi a bayan mutum biyu, dillali da baƙo daga Damagaram, su na ciniki a gaban mutanen da su ka wuni a kasuwar. Ƙyalle ɗaya ake buƙata, da majigi ɗaya, da doguwar waya, don a kai janareto can nesa inda ƙararsa ba za ta danne muryar dillalin ba.