Haɗi

haɗī̀ sn., nm., jam. hàɗe-hàɗe.

1. Gama abubuwa wuri guda: haɗin magani.

2. kimiy. Ƙarfin da ke riƙe ƙwayoyin zarra tare. ~n tarayya: wanda zarra biyu ke tarayya a kan tagwayen elektaron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye cibiyar zarra, kamar yadda masanin kimiyya Gilbert Lewis ya bayyana a 1916: ruwan Gulbin Rima haɗin tarayya ne na haidurojin biyu da oksijin ɗaya. Galibin irin waɗannan abubuwa, kamar kakin zuma da man shanu, suna saurin narkewa kuma ba sa ɗaukar lantarki, amma yashi, da yake zarrarsa a sarƙe take, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 na Salshiyos.

Dang. haɗā̀, hàɗu fi.; haɗaɗɗe sif.; mahaɗi sn.