Daga Razdan zuwa Likitan Mata

Duk sa'ad da ƙungiyar NARD ta tafi yajin aiki, gidajen rediyo kan ce "likitoci masu neman ƙwarewa" sun ajiye aiki. Sunan ya zauna daram, ya ma fi na Turanci, wato "resident", faɗin gaskiya. Shi na Turancin kuwa mun san shi tuntuni, domin shi ne kakanninmu suka lanƙwasa ya zama Razdan, baturen da ke zaune a lardi yana sa ido kan sarki. Ma'anarsa mazauni. A asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda aka buɗe a 1889, matasan likitoci a cikin asibitin suke kwana suke tashi, sai sunan ya bi su.

A Najeriya matakan na da nasu sunayen. Likita ya ci jarrabawar share fage, ya zama rajistara. Ya ci kashi na ɗaya, ya zama babban rajistara. Ya ci kashi na biyu, ya cancanci kujerar kwansaltan. Masu ba da shaidar biyu ne: Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, mai ba da FMCOG, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, mai ba da FWACS. A lura, a ƙarƙashin masu tiyata aka ajiye fannin mata.

"Likitan mata" shi ma suna ɗaya ne da ya haɗiye fannoni biyu, na ciki da haihuwa, da na cututtukan mahaifa. Sunan na farkon a Turanci, wato "obstetrics", daga Latin ya fito, daga kalmar da ke nufin wadda ke tsaye a gaban mai naƙuda, wato dai ungozoma. Ina jin daɗin wannan asali, don yana tuna wa mai farar riga wadda ta riga shi shiga ɗakin haihuwa.

Asibitocin Abuja ma sun sauya suna. Babban Asibitin Ƙasa, da aka buɗe shi a 1999, asibitin mata da yara aka kira shi, kafin a faɗaɗa aikinsa. Na Gwagwalada kuwa asibitin ƙwararru ne har 2006, lokacin da ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja.

Kalmar da ta fi damuna ita ce "bincike". Da ita muke kiran gwajin jini da hoton ciki, da ita kuma muke kiran nazarin da ke fito da sabon sani. Na biyun bai samu gurbi a "neman ƙwarewa" ba, domin ƙwarewa maganar hannu ce: iya fiɗa, iya ɗinki, iya tsayar da jini cikin tsakar dare. Alhali ba a kammala kashi na biyu sai da kundin bincike. Wani kan tattara tsofaffin fayiloli ya rubuta don ya wuce, kundin ya ƙare a kanta yana shan ƙura. Wani kuma a nan yake koyon yin tambaya, yana auna jinin da mai jego ta zubar maimakon ƙiyasta shi da ido. Irin wannan tambaya ce ta haifi gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna an rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60 cikin 100.

Saboda haka likitar da ta gama bautar ƙasa tana duba inda za ta nemi gurbi a Abuja, kada kalmar "koyarwa" ko "ƙasa" da ke jikin allon ƙofa ta wadatar da ita. Ta samu manyan rajistarorin sashen ta tambaye su wa ke duba kundinsu, ko ana ware musu lokacin rubutu ban da kwanan aiki, kuma kundi nawa daga sashen ya fito a mujallar likitoci.