Konseye, Surbeyan ko Malamar Shawara: Wa Ɗalibi Zai Kai wa Kukansa?

A Agye ko Gazawa, in ka ce konseye ya zo, sai an tambaye ka wanne. Akwai konseyen da aka saba zaɓa ya wakilci jama'a a majalisar ƙaramar hukuma, wanda 'yan'uwanmu na Katsina ke kira kansila. Akwai kuma konseyen lakwal, wanda takardun gwamnati ke kira conseiller pédagogique. Shi wannan yakan hau babur ya bi makarantun sashensa, ya zauna a bayan aji ya ga yadda mushe, wato malami, ke koyarwa, ya duba takardun shirin darasi, sannan ya gyara masa inda ya kauce. Shi ne kuma ke raya tarurrukan CAPED, inda malaman ƙauyuka maƙwabta ke haɗuwa su ƙaru da juna. Aikinsa babba ne, musamman a ƙasar da 'yan kwantaragi suka yi yawa cikin malamanta. Amma fuskarsa tana wajen malami. Yarinyar da ke aji na biyu a kwalejin Gangara, wadda ta ji ana maganar aurenta a gida, ba ta da hanyar zuwa gare shi, kuma ba don ita aka naɗa shi ba.

Akwai wata kalmar da ɗalibai ke ji a ƙarshen kwaleji, wato orientation. Asalin ma'anarta nuna wa mutum alƙibla. A matsayin sana'a, ta fara tsayawa da ƙafafunta a Boston ta Amurka, inda Frank Parsons ya buɗe ofishin taimaka wa matasa zaɓen aiki a 1908, bisa tunanin cewa a zauna da yaro a gane abin da ya iya da abin da yake so. A bakin ɗalibinmu kuwa, kalmar ta koma nufin takardar da ke fitowa bayan jarrabawar BEPC, mai faɗin inda aka tura shi: adabi, kimiyya ko makarantar sana'a. Maki da guraben da ake da su ne ke magana. Yaron da ya fito daga Gidan Sori, wanda babu wanda ya taɓa zuwa lise a gidansu, yakan karɓi takardar ba tare da wani ya bayyana masa inda kowace hanya ke ɓullewa ba.

Wanda ya fi kusa da ɗalibi a kullum shi ne surbeyan. Shi ya san wanda ya makara, wanda ya yi fashi, wanda ya daina zuwa tun ranar kasuwar Cadawa. Sai dai sunansa mai sa ido ne, kuma a hannunsa horo yake. Faransa, inda muka gaji wannan muƙami, ta sauya sunan babban surbeyan a 1970 zuwa conseiller principal d'éducation, don aikin ya haɗa da sauraron yaro. A nan, surbeyan nagari suna yin wannan sauraro da kyakkyawar zuciyarsu, amma yaro ba ya sakin jiki ya faɗa wa mai hukunta shi abin da ke cin ransa.

Ke nan aikin sauraron ɗalibi yana nan, ana yin sa a warwatse. Iyaye mata na ƙungiyar AME su ne ke shiga gidaje su tambayi dalilin da ya sa wance ta daina zuwa. Kwamitin kula da makaranta, wanda aka fara sani da COGES kafin ya koma CGDES, yakan sa baki in magana ta kai ga maigari. Akwai jami'an SCOFI masu bin karatun 'ya'ya mata. Dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba 2017 ta ɗora wa hukuma nauyin kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata, kuma bukatar haka a fili take: binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maraɗi kuwa adadin ya kai 89. Doka tana aiki ne bayan wani ya ji labari. Kafin a kai ga haka, dole a sami wanda yarinya za ta buɗe wa ciki.

Gundumar Gidan Rumji ta ƙara da wani nauyi. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, aka zaunar da wasu a Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Cikin yaran da ke zaune a azuzuwan zana akwai waɗanda suka ga an kashe nasu. Ƙungiyoyin agaji suna kiran taimakon da suke ba su appui psychosocial. Iyaye kuwa cewa suke yi yaron ya firgita, yana bukatar a kwantar masa da hankali. Maganar iyaye ta fi isa, domin da zarar an ambaci likitan ƙwaƙwalwa, uba zai ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, ya janye shi.

Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, zaɓen sunan Hausa ga wanda ɗalibi zai kai wa kukansa ya zama aikin da ke gabanmu. Sunaye uku ke zuwa baki.

Na farko mai nasiha. Nasiha kalma ce mai daraja a addini, amma daga sama take saukowa: babba ya faɗa, ƙarami ya sunkuyar da kai. Yaranmu ba su rasa masu yi musu nasiha ba, gida da masallaci da makarantar allo duk suna yi. Na biyu malamin tarbiyya. Shi ma da kyau, sai dai a kunnen ɗalibi tarbiyya tana tafe da tsawa, kuma wanda aka tura wurin malamin tarbiyya kowa zai ɗauka laifi ya yi.

Ni na fi karkata ga shawara, saboda yadda Hausa ke sarrafa kalmar. Ana neman shawara, ana ba da ita, ana yin ta da wani, daga ƙarshe mai abu ne ke yanke ta. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, wato mutum ɗaya ba ya iya ta. Yarinyar da ta je wurin malamar shawara ba ta zubar da mutuncinta ba, don manya ma suna neman shawara. Kuma uba ba zai ji an raina shi ba in malamar ta zo zaure ta ce, "Malam, shawara na zo mu yi a kan Hadiza."

Al'adarmu ma ta tanadi irin wannan mutum. Kunya ta hana ɗa, balle ɗan fari, ya zauna ya zayyana wa mahaifinsa damuwarsa, shi ya sa ake da gwaggo da kawu, da kaka wadda wasan jika ya buɗe ƙofarta, da uwar ɗaki ga mace. Abin da ya haɗa su shi ne kusanci ba tare da bulala ba, da riƙon amana. Ɗalibin da ya bar ƙauyensu ya zo Tsibiri ko Agye yana zaune a gidan mariƙi ya baro duk waɗannan a baya, a daidai shekarun da ya fi bukatar su.

Sunan zai yi amfani ne in an haɗa shi da abin aiki. A kowace kwaleji a ware malami ɗaya da malama ɗaya, a rage musu awoyin aji, kada a sa su cikin masu yanke hukuncin kora, a ba su ɗaki mai ƙofa ko da na laka ne. Makarantar horar da malamai ta Maraɗi da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo za su iya koya musu sauraro, da sanin hanyoyin karatu bayan BEPC, da gane lokacin da magana ta fi ƙarfinsu har sai an kai ta asibiti ko gaban hukuma. Sannan a ranar buɗe makaranta darakta ya gabatar da su a gaban iyaye da 'yan AME, da Hausa, ya ce wannan shi ne malamin shawara, wannan ita ce malamar shawara, kuma abin da yaro ya faɗa musu ba zai shiga takardar makinsa ba.