Wasa Biyar Cikin Kwana Shida: Kakar Sewanee ta 1899

A kan wani tsauni a jihar Tennessee ta Amurka akwai wata ƙaramar jami'a ta cocin Episcopal da ake kira Sewanee. A shekarar 1899 ɗalibanta 300 ne da 'yan kai. Amma a kakar wannan shekara ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta buga wasa 12, ta lashe su duka, ta ci maki 322, aka ci ta 10 kacal.

Wasan na lokacin ya bambanta da na yau. Ba a halatta jefa ƙwallo gaba ba sai a 1906, saboda haka ture da karo da ƙarfin tuwo ne ke kai ƙungiya gaba. 'Yan wasan da ke kai hari su ne ke tsaron gida, kuma duk wanda aka fitar daga fili ba ya komawa a wannan wasa. Wanda ya ji rauni yakan daure ya ci gaba.

Abin da ya sa ake tuna kakar har yau shi ne wata tafiya ta watan Nuwamba, wadda rashin kuɗi ya haifar. Sewanee ta dogara da kuɗin ƙofar wasanta da Jami'ar Vanderbilt, sai saɓani kan rabon kuɗin ya hana wasan a wannan shekara. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Manajan ƙungiyar, wani ɗalibi mai suna Luke Lea wanda daga baya ya zama sanata, ya shirya wasa biyar a garuruwa biyar cikin kwana shida domin cike giɓin.

Suka hau jirgin ƙasa tare da kocinsu Billy Suter da kyaftin Henry Seibels, har da gangunan ruwan tsauninsu. Ranar 9 ga Nuwamba suka doke Texas a Austin da ci 12 da nema. Washegari a Houston suka ci Texas A&M 10 da nema. Ranar 11 ga wata a New Orleans suka ci Tulane 23 da nema. Suka huta ranar Lahadi. Litinin a Baton Rouge suka lallasa LSU 34 da nema, Talata kuma a Memphis suka ci Mississippi 12 da nema. Jimilla maki 91, ba a ci su ko ɗaya ba, a tafiyar da ta kai kusan kilomita 4,000. A cikin ayarin akwai Cal Burrows, baƙar fata mai yi wa 'yan wasa tausa tsakanin wasa da wasa, wanda aka daɗe ba a ambaton gudummawarsa kamar ta sauran.

Ƙungiya ɗaya ce ta ci su maki a duk kakar: Auburn, ƙarƙashin koci John Heisman. Ita ma da ƙyar Sewanee ta tsallake ta da ci 11 da 10.

Kuɗin da ya tura su wannan tafiya shi ne daga baya ya fitar da su daga sahun manya. Jami'o'in jihohi suka bunƙasa, suka gina manyan filayen wasa, suka riƙa jawo haziƙan 'yan wasa da tallafin karatu. Sewanee tana cikin waɗanda suka kafa gasar kudu maso gabas ta SEC a 1932, amma cikin wasa 37 da ta buga a gasar ba ta ci ko ɗaya ba, ta fice a 1940. A yau duk ƙungiyoyi biyar da ta doke a waccan tafiya suna buga wasa a rukuni mafi girma, huɗu daga cikinsu a SEC. Ita kuwa tana rukuni na uku, inda ba a bai wa ɗalibi tallafin karatu don iya wasa.