Bayan Annoba Sai Takarda: Tarihin Wanda Ya Cancanci Magani Kyauta a Birtaniya

'Yan'uwa ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata wasiƙa ce da wani asibiti ya aiko mini, wadda ta yi kusan wata guda tana kwance a tsohon gidan da na tashi kafin in dawo Moss Side. Abin da ke cikinta bai wuce layi shida ba: in kawo shaidar cewa na cancanci a duba ni kyauta, in ba haka ba a aiko mini da lissafin kuɗi. Na cancanta, domin na biya kuɗin lafiya tun ranar da na nemi biza, amma da tsohon maƙwabcina bai kira ni ba, da an rubuta ni cikin masu bashi alhali ban san hawa ba ban san sauka ba. Wannan ne ya sa na shiga binciken yadda aka yi ƙasar da ta yi wa kowa gwaji da allura a lokacin korona ba tare da tambayar fasfo ba, ta dawo tana neman takarda. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya.

Zamanin kwabo huɗu

Kafin a yi Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wato NHS, talakan Ingila da kansa yake tanadin ranar ciwo. A Birmingham, wani likitan tiyata mai suna Joseph Sampson Gamgee ya kafa asusun Asabar a 1873, inda ma'aikatan masana'antu ke ba da wani abu daga ladan aikinsu domin tallafa wa asibitocin garin. Kusan irin adashin da muka sani ne a gida, sai dai wannan na magani ne.

A 1911 ne gwamnati ta sa hannu, lokacin da David Lloyd George ya kawo dokar inshorar ƙasa. A duk mako ma'aikaci namiji zai biya kwabo 4, mai aikin da yake yi wa aiki ya biya kwabo 3, gwamnati ta ƙara kwabo 2. Shaidar biya kuwa ita ce kan sarki da ake mannawa a jikin kati. Wanda katinsa ya cika yana da damar ganin likita. Amma tsarin bai haɗa da matarsa da 'ya'yansa ba, bai kuma ɗauki nauyin kwanciya a babban asibiti ba. Mafi muni, wanda ya daɗe ba shi da aiki sai bashin kan sarki ya taru masa, haƙƙinsa ya ragu ko ya faɗi, daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake gamuwa da shi: tun daga farko, kati ne ke yanke hukunci, ba ciwo ba.

Ƙofar da yaƙi ya buɗe

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, gwamnati ta san bama-bamai ba za su tambayi wanda katinsa ya cika ba. Sai ta kafa tsarin asibitoci na gaggawa, ta riƙa biyan kuɗin gadaje da albashin likitoci domin kula da waɗanda suka ji rauni, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa ma'aikatan masana'antun yaƙi da wasunsu. A ƙarshen 1940, Birmingham da Manchester duk sun sha ruwan bama-bamai, kuma mutanen garuruwan sun ga da idonsu cewa ashe ana iya yi wa mutum magani ba a tambaye shi ko sisi ba.

Tambayar da ta taso bayan yaƙi ita ce: a koma gidan jiya, ko a bar ƙofar a buɗe? Rahoton William Beveridge na 1942 ya riga ya share fage, gwamnatin Leba da ta hau a 1945 kuma ta zaɓi ta biyu. Ranar 5 ga Yuli 1948, ministan lafiya Aneurin Bevan ya zo asibitin Park da ke Davyhulme, 'yan mil kaɗan daga inda muke zaune a Moss Side, ya ƙaddamar da NHS. Asibitin yana nan, sunansa yanzu Trafford General. Ba kati, ba kan sarki, ba sabuntawa duk shekara. Haraji ne zai ɗauki nauyi, kuma duk wanda ke cikin ƙasar, har baƙo, za a duba shi.

Kimanin mako biyu kafin wannan rana, jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karebiyan a Tilbury. Su da waɗanda suka biyo bayansu ne suka cika unguwanni irin su Moss Side da Handsworth ta Birmingham, kuma da yawa daga cikin matansu a asibitocin NHS suka yi aikin jinya har suka tsufa.

Yadda takarda ta dawo

Ba rana ɗaya aka tura ƙofar ba. A 1982 aka fara aiki da ƙa'idar cajin baƙin da ba mazauna ƙasa ba kuɗin asibiti. Dokar shige da fice ta 2014 ta ƙara tsanantawa, kuma daga ita aka samu kuɗin lafiya na biza da duk muka sani, wanda ya fara aiki a Afrilun 2015 a kan wanda zai zauna fiye da wata shida. A wannan shekarar aka ce baƙon da bai cancanta ba zai biya kashi 150 cikin ɗari na ainihin kuɗin aikin da aka yi masa. Daga Oktoban 2017 kuma aka wajabta wa asibitocin Ingila su karɓi kuɗi tukuna kafin su yi aikin da ba na gaggawa ba.

Su wa wannan ya fara cinyewa? Tsofaffin Windrush. Doka ta ba su izinin zama tun da daɗewa, amma ba a taɓa ba da yawansu wata takardar shaida ba, har ma Ma'aikatar Cikin Gida ta lalata katunan saukarsu a 2010. A 2018 jaridar Guardian ta fito da labarin Sylvester Marshall, wanda ya shekara 44 a ƙasar yana aiki yana biyan haraji, aka ce sai ya kawo fam 54,000 kafin a yi masa maganin kansa. Badaƙalar ta kai ga murabus ɗin ministar cikin gida Amber Rudd a Afrilun wannan shekarar. Waɗannan mutane ba haƙƙi suka rasa ba. Shaidar haƙƙi suka rasa, kuma a gaban teburin ma'aikaci ba a bambanta biyun.

Korona ta sake buɗe ƙofa

Kamar bam, ƙwayar cuta ba ta karanta biza. A ƙarshen Janairun 2020 aka sa korona cikin jerin cututtukan da gwajinsu da maganinsu kyauta ne ga kowa, kamar tarin fuka. Waɗanda bizarsu ta ƙare alhali an rufe filayen jirgi aka ɗaga musu ƙafa zuwa ƙarshen Yuli, aka ƙara musu watan Agusta su shirya. Likitoci da ma'aikatan jinya baƙi aka ƙara musu shekara guda kyauta ba tare da sun cike fom ba. Cikin likitocin farko da cutar ta kashe akwai namu, Dokta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, wanda ya rasu ranar 31 ga Maris 2020. A watan Mayu, bayan matsin lamba, gwamnatin Boris Johnson ta amince ta cire wa ma'aikatan lafiya kuɗin lafiya na biza, domin abin kunya ne mutum ya biya kuɗin shiga asibitin da yake sayar da ransa a ciki.

A nan unguwarmu ma an gani. A Fabrairun 2021, da aka gano wani sabon nau'in cutar, an yi gangamin gwaji a Moss Side da Hulme da Whalley Range da Fallowfield, har ana bi gida-gida. Da allura ta zo, gwamnati ta fito ta ce ba za a binciki matsayin zaman kowa ba.

Bayan an tashi kasuwa

Daga nan sai sassaucin ya riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 1 ga Afrilu 2022 aka daina gwaji kyauta ga kowa da kowa a Ingila. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matakin gaggawa ya ƙare. Bayan wata biyu gwamnatin Rishi Sunak ta ba da sanarwar ƙara kuɗin lafiya na biza. Ga yadda na ɗalibi ya yi tafiya a kowace shekara ta biza: fam 150 a 2015, fam 300 a 2019, fam 470 a Oktoban 2020, sannan fam 776 a Fabrairun 2024. Na sauran manya kuwa ya tashi daga fam 624 zuwa fam 1,035. A kan wannan farashi, wanda ya gama digiri na biyu ya nemi zaman shekara biyu sai ya ajiye fam 2,070 a dunƙule, ban da kuɗin bizar kanta. Duk wanda ake aiko wa kuɗi daga Kano ko Katsina ya san abin da wannan ke nufi bayan faɗuwar naira a 2023. A ƙarshen 2024 kuma katin zama na roba ya ƙare aiki, aka koma biza ta intanet, wato shaidarka yanzu tana cikin wani asusu da dole ka buɗe, ka kuma riƙa gyarawa.

Inda aka fi ganin girman wannan lamari shi ne Amurka. A can talakawa na samun magani ne ta shirin Medicaid, wanda ake sabunta cancantarsa a kai a kai. A Maris 2020 majalisa ta ba jihohi ƙarin kuɗi bisa sharaɗin kada su cire kowa har annoba ta wuce, sai masu rajista a shirin da takwaransa na yara suka tashi daga kimanin miliyan 71 zuwa kimanin miliyan 94. Sharaɗin ya ƙare ranar 31 ga Maris 2023, aka koma tantancewa. Ƙididdigar cibiyar KFF ta nuna an cire fiye da mutum miliyan 25, kuma kusan kashi 69 cikin ɗari daga cikinsu ba don an tabbatar ba su cancanta ba ne, a'a, fom ne bai dawo ba, ko wasiƙa ta je tsohon adireshi. Da na karanta wannan, sai na tuna tawa wasiƙar.

Abin da ya rage mana

Bambancin 1948 da 2023 a fili yake. Bayan yaƙi an mayar da sassaucin gaggawa ya zama doka ta dindindin, bayan korona kuwa an naɗe shi an ajiye. Mu baƙi mun koma kusa da matsayin ma'aikacin 1911: haƙƙinmu na da ranar ƙarewa, kuma mu ne za mu tuna da ita.

Saboda haka ga shawarata. Rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP, kyauta ce ga kowa a Ingila, kuma ƙa'idar NHS ta ce rashin katin shaida ko shaidar adireshi ba dalilin ƙin yi wa mutum rajista ba ne. Kada a jira sai ciwo ya zo. Sashen gaggawa na asibiti shi ma kyauta ne, sai dai idan an kwantar da mutum ne ake duba cancantarsa. Wanda ya tashi daga gida ya gaya wa likitansa da jami'arsa, ya gyara a asusunsa na biza. Wanda zai sabunta biza ya miƙa takardunsa kafin tsohuwar ta ƙare, domin doka ta ce izininsa na ci gaba har a yanke hukunci. A adana rasidin kuɗin lafiya. Wasiƙar asibiti kuma ba a barinta a rufe.

Akwai kuma darasin da za mu koma da shi gida. A Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya, tare da asusu na musamman domin marasa galihu, jihohi irin su Kano kuma suna da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya. Wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla su ne za su zauna a waɗannan ofisoshi gobe. In ranar ta zo, su tuna cewa yi wa talaka rajista ranar biki abu ne mai sauƙi. Abin dubawa shi ne me zai faru da tsohuwar da ke wani ƙauye a Bichi ranar da katinta ya ƙare, ba ta iya karatu ba, ba ta da waya, kuma ciwon da ya kai ta asibiti bai san katin ya ƙare ba.