Ma'aunin CHA2DS2-VASc

CHA2DS2-VASc ma'auni ne da likitoci ke ƙiyasta haɗarin shanyewar ɓarin jiki da shi ga mai rikicewar bugun zuciya, inda jini kan daskare a zuciyar, gudansa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Gregory Lip da abokan aikinsa suka wallafa shi a 2010.

Makinsa daga 0 ne zuwa 9. Gazawar zuciya, hawan jini, ciwon suga, ciwon jijiyoyin jini, shekara 65 zuwa 74 da kasancewa mace, kowanne maki 1 ne. Shekara 75 zuwa sama ko shanyewar jiki a baya, maki 2. Namiji mai maki 2 zuwa sama ko mace mai 3 zuwa sama akan ba su maganin tsinka jini.

A Yamai, kamar sauran biranen Sahel, likitocin zuciya kan haɗu da masu ƙuntatacciyar ƙofar zuciya sakamakon zazzaɓin rumatizim. Waɗannan, in suna da rikicewar bugun zuciya, akan ba su maganin ba tare da lissafin maki ba.