Laberiya: Me Ya Sa Sulhun 1997 Ya Rushe, Na 2003 Ya Ɗore?

Yau Laberiya zan kai ku.

A Disambar 1989 Charles Taylor ya tsallako daga Kodebuwa da mayaƙansa don ya kifar da Samuel Doe. Da kisa ya yi yawa, a Agustan 1990 ECOWAS ta tura rundunar ECOMOG, mai sojojin Najeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya, kuma Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin. Sun hana Taylor kama Monrobiya, amma yaƙi bai ƙare ba. Dalili? Maƙwabtan ba bakinsu ɗaya ba, don Burkina Faso da Kodebuwa suna bayan Taylor.

A 1997 aka yi zaɓe, Taylor ya lashe da kusan kashi 75 cikin 100. Da yawa tsoro ne ya sa suka zaɓe shi, kar ya faɗi ya koma daji. ECOMOG ta janye, shekara biyu da zaɓe yaƙi ya dawo, wannan karon 'yan tawayen LURD da goyon bayan Gini.

To a 2003 fa? An zauna a Akara, Janar Abdulsalami Abubakar ne mai shiga tsakani. Da magana ta yi ta ja, matan Laberiya, Musulmi da Kirista, ƙarƙashin Leymah Gbowee, suka tare ƙofar zauren, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Taylor ya sauka ya tafi gudun hijira Kalaba, aka sa hannu ranar 18 ga Agusta.

Ga bambancin a ganina: wannan karon ba a yi gaggawar zaɓe ba. An ba ɗan kasuwa Gyude Bryant riƙon ƙwarya, da sharaɗin ba zai tsaya takara ba. Sojojin ECOWAS suka fara sauka, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa, aka kwance ɗamarar mayaƙa sama da 100,000. Sai a 2005 aka zaɓi Ellen Johnson Sirleaf. Dakarun kuwa ba su fice ba sai 2018.

Amma akwai sauran rina a kaba. Kimanin mutum 250,000 suka mutu, kuma sai a 2024 Shugaba Boakai ya sa hannu a kafa ofishin kotun laifukan yaƙi. Ku faɗa min ra'ayinku: iyalan mamatan su haƙura don zaman lafiya, ko a hukunta? Sai mun haɗu a shiri na gaba.